Rasuwar Bulama Mai Ƙofa Arba'in da Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani nauyi da har yau bai sami inda zai sauke shi ba, Malam Ajimi Bukar, mai kula da na'urori a Cibiyar Neman Dangi da ke Mafoni, a madadin kansa da sauran ma'aikatan cibiyar, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinsa na shekara tara, babban suwic na ɗakin sabar, wanda kowa ya fi sani da Bulama. Ya cika ranar Talata, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe biyu da kwata na rana, bayan jinyar wata bakwai.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin marigayin ba, akwatin ƙarfe ne mai ruwan toka, faɗinsa kamu guda, kaurinsa bai wuce yatsu uku ba. A goshinsa akwai ƙofofi arba'in da takwas, kowace da 'yar fitilarta koriya. Duk wata waya da ta fito daga kwamfutocin cibiyar, da sabar huɗu, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye da sunayen mutane, da layin da ke zuwa daga rassa na ƙananan hukumomi, a jikinsa take ƙarewa. Aikin cibiyar kuwa sananne ne: wanda rikici ya raba da nasa yakan zo ya bar suna, da sunan wanda yake nema, da ƙauyen da suka rabu. Rassa su ma suna rubuta duk wanda ya fito daga daji ko aka kawo asibiti bai san inda danginsa suke ba. Sabar ce ke gwada wannan suna da wancan, in sun dace ta ɗaga alama. Amma ba suna guda da ya taɓa isa wurin sabar sai da ya bi ta hannun Bulama.

Injiniya Ibrahim Khalil, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauko shi daga tasha a bayan keke napep, lokacin Ajimi yana sabon ma'aikaci, bai iya komai ba sai matse kan waya. Kwana uku Khalil ya yi zaune a ƙasa da littafi mai baƙin bango yana zane kafin ya yarda ya kunna shi. Ya raba gidan unguwa-unguwa, abin da masu sana'ar ke kira VLAN, wato katangar da ba a gina ta da bulo ba, amma wanda ke wannan gefe ba ya ganin na wancan. Ma'aikata suka samu Unguwa ta Goma, sabar ta Ashirin, rassa da ƙungiyoyin da ake aiki tare da su ta Talatin, waifai na masu zaman jira a kan benci ta Arba'in. Kowace unguwa ya yanka mata sabnet nata, jerin lambobin gidajen da ba mai shiga cikinsu sai ɗan unguwar. Sannan ya ware wata ƙarama can gefe, ta Casa'in da Tara, inda aka ajiye sunayen matan da suka kuɓuto daga hannun mutanen daji, da inda kowacce take zaune yanzu. Wannan lambar gida shida kacal ya ba ta. Ya ce unguwar da gidajenta shida ne, baƙo ba ya kwana a cikinta ba a sani ba.

Da ya gama yi wa shugabar cibiyar, Hajiya Najiba, wannan bayani, sai ta dubi akwatin ta ce, "Ashe bulama ka kawo mana." Sunan ya bi shi har ranar da ya cika.

Marigayin ya kasance mai riƙon amana. Shekara tara yana jin sirrin kowace unguwa, bai taɓa kai maganar wannan wancan gida ba sai da izini. Masu jira sun sha cika waifai da hotuna da kiran dangi, wasu ma da wayoyin da ba a san ta hannun wa suka biyo ba, amma ko da kuskure bai taɓa leƙa da su Unguwa ta Casa'in da Tara ba. Ya kasance mai haƙuri. A shekarun da aka kayar da turakun lantarki garin ya zauna ba wutar gwamnati, ya ci wutar janareta mai rawa, ya ci ta sola, ya ci ta batir da ya kusa mutuwa, bai yi ƙorafi ba. Ba shi da yawan magana. In Ajimi ya buɗe ƙofar ɗakin da safe, fuuu na fankarsa ne ke amsa sallama. In an ɗauke wuta an maido, sai ya ce tit, ya ɗan yi shiru kamar mai tuna inda ya tsaya, sannan tit-tit, fitilun su farka ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama.

A shekararsa ta huɗu ya yi rashin wanda ya raine shi. Khalil ya tafi gyaran layi a wani reshe, motar da ya shiga ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba. Aikin ya faɗo kan Ajimi. Ranar da ya fara shiga cikin saitin Bulama shi kaɗai, ya tarar Khalil ya rubuta bayani a kan kowace ƙofa da irin bakinsa. Ƙofa ta sha biyu: firintar Hajiya, mai cin takarda. Ta ashirin da uku: layin rassa, a yi masa addu'a. Ta arba'in da takwas, wadda ta riƙe hanyar duk unguwannin: kada a taɓa, Ajimi da kai nake. Ya zauna a gaban allon har aka kira la'asar. Tun daga ranar bai canza harafi ɗaya a cikin rubutun ba, ko da firintar Hajiya ta mutu aka kawo wata.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ambaliyar bara. Da gari ya waye ruwa ya riga ya kai gwiwa a layin cibiyar, kafin hantsi ya kai ƙugu. Ajimi da Gambo direba suka kwance sabar huɗun, suka hau da su saman benen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Bulama aka bari ƙarshe don shi ne a sama. Lokacin da Ajimi ya ɗora shi a ka ya fito, ruwa ya kai ƙirji, ƙafarsa ta zame a bakin kwata, gefe ɗaya na akwatin ya nutse na ɗan ƙiftawar ido kafin ya cafe shi. Ya shanya shi kwana biyar a kan kwano. Da aka kunna ya ce tit, ya yi shiru mai tsawo har Ajimi ya fara salati, sannan tit-tit. Kowa ya yi murna. Abin da ba a yi maganarsa ba shi ne aljihun teburin Ajimi, inda littafin Khalil mai baƙin bango da tsohuwar kwamfutar da aka kwafe saitin Bulama a cikinta suka kwana takwas a ƙarƙashin ruwa. Littafin ya zama kunu. Kwamfutar ba ta sake buɗe ido ba.

Daga nan marigayin bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ƙofa ta bakwai ce ta fara mutuwa. Bayan wata ɗaya, wasu shida suka tafi a jere. Tsatsa ta fito a gefen da ya sha ruwa, fuuu ɗin nan ya koma ƙarrr-ƙarrr, wani lokaci ya tsaya cak sai an buga masa yatsa. Ajimi ya riƙa ɗauke wayoyi daga matattun ƙofofi yana mayarwa masu rai. Ya rubuta wa babban ofis takarda sau uku yana neman magaji, sau uku ana ce masa ana dubawa. Na'urar sanyaya ɗakin ita ma ruwa ya ci ta, ga bazara ta kunno kai. Ya kawo fankar ɗakinsa daga gida ya saita ta a fuskar majinyacin.

A nan mai sanarwar yana so a rubuta wani abu yadda yake, ba tare da an gyara masa ba. Sake kwafe saitin Bulama aikin minti goma ne. Ajimi ya san haka, ya kuma san babu wani kwafi da ya rage a duniya. Kowace Litinin yakan ce yau zai yi. Sai aiki ya taso, don bayan ambaliya sababbin ɓatattu sun ƙaru a kan tsofaffi. In kuma ya sami sarari ya zauna, sai ya ji kamar zai yanka wa mai rai likkafani, ya rufe allon ya ce gobe. Wata bakwai yana cewa gobe.

Ranar Talatar da abin ya faru, zafi ya kai inda ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. A kan bencin jira akwai Mama Rebeka, wadda duk ma'aikatan cibiyar suka sani. Mutuniyar wajen duwatsun Gwoza ce, yanzu tana zaune a Dusuman tana sayar da ganye. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonta da ɗanta Zion, makanikin babur, wanda ya ce mata ta yi gaba da ƙannensa zai biyo su da yamma. Tun da aka buɗe cibiyar ba ta taɓa fashin Talata ba. Takan gaishe da kowa, ta jira a duba, a ce mata babu labari, ta ce to, Allah ya kai mu wata Talatar. Ana cikin duba mata ne allon ya daskare. Ajimi ya ruga ɗakin sabar. Ƙarrr, ƙarrr, ƙar. Wari kamar na robar da ta taɓa garwashi. Fitilu arba'in da ɗaya da suka rage suka mutu tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Ya kashe ya kunna, ya canza waya, ya canza soket, ya buɗe murfin ya hura. Marigayin bai ce tit ba. Rubutun Khalil duka ya tafi tare da shi.

Washegari aka samo aron wani ƙaramin suwic daga wani shago, irin wanda bai san unguwa ba, kowa ya shigo ɗaki ɗaya yake zuba shi. Don sabar su ga juna ta cikinsa, sai da Ajimi ya rushe lambobin ya mayar da kowa jeri guda. Aiki ya tashi. Hajiya Najiba ta leƙo tana hamdala, ta tarar da shi tsaye da wayarsa a hannu, fuskarsa ba ta mai murna ba.

"Ya Ajimi, lafiya? Ga shi yana yi."

"Yana yi, Hajiya. Duba nan."

Wayarsa ce ta aljihu, a kan waifai na masu jira. A allonta ga ƙofar rumbun Casa'in da Tara a fili, ba abin da ya rage tsakaninta da kowa sai kalmar sirri guda.

"To a kashe waifai ɗin mana," in ji ta. "Mutane sun cika benci tun safe."

"Na kashe shi, saura layin rassa. Kwamfuta nawa ke kansa, na ƙungiya nawa, wa ke zaune a gabansu, ni ban sani ba. In na buɗe musu hanya su kawo suna, na buɗe musu hanyar nan ma. Mata ɗari huɗu ne a ciki, Hajiya, har da layin da kowacce take da ƙofar gidanta. Waɗanda suka gudo daga hannunsu ba su daina nemansu ba."

Ta sake kallon wayar. Biyu daga cikin matan ita da kanta ta samo musu ɗaki.

"Cire," ta ce.

Ya cire suwic ɗin aron. Cibiyar ta koma biro da takarda, sabar suka zauna a kunne ba mai isa gare su, sunayen da rassa ke rubutawa suka riƙa taruwa a can suna jiran hanya. Mai sanarwar bai yi nadamar wannan ba, ko yau aka sake zai cire.

Babban ofis ya motsa da jin an tsaya cak. Magajin ya taso daga Kano, ya kwana biyu a Damaturu saboda an rufe hanya, ya iso ranar Lahadi, kwana na shida. Da akwai kwafin saiti, aikin awa ɗaya ne a zuba masa, a mayar da wayoyi, a koma aiki kafin la'asar. Babu. Ajimi ya zauna a ƙasa inda Khalil ya taɓa zama, da sabon littafi, yana tono daga ƙwaƙwalwarsa abin da wani ya gina shekara tara da suka wuce. Wace lamba ce ta wace sabar. Wace unguwa aka yarda ta yi magana da wacce, ta wace ƙofa. Ya bi wayoyi da hannu cikin silin, ya kira rassa ɗaya-ɗaya yana tambayar lambobinsu. Sau biyu yana tayar da komai, sai ya gwada ya tarar katangar Casa'in da Tara tana da kafa, ya rushe ya sake. Talata ta zagayo yana ciki. Mama Rebeka ta zo, aka ce mata injin ba lafiya. Ta zauna a benci har azahar ko za a dace, sannan ta leƙa ɗakin ta ce, "Sannu, ɗana. Allah ya ba shi lafiya." Ta tafi.

Ranar Laraba da hantsi, kwana na tara, hanya ta buɗe. Sunaye ɗari biyu da 'yan kai suka kwararo daga rassa. Kafin Ajimi ya miƙe daga ƙasa sabar ta ɗaga alama guda, a kan sunan Zion. Wani ƙaramin asibiti a garin kan iyaka ne ya shigar da bayanin tun ranar Alhamis, kwana na uku: an kawo wani mutum daga daji, ƙafarsa ta ruɓe, jikinsa ba ƙarfi, ya faɗi sunansa da na mahaifiyarsa da na ƙauyensu. Su can ba su san ana nemansa ba, sabar ce kaɗai ta sani. Ajimi ya kira asibitin. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauka ta ce ai jiya Talata ya cika, wajen azahar, kuma saboda zafi an binne shi kafin magariba.

Ya ƙirga kwanakin, ya sake ƙirgawa. Da hanya ta buɗe ranar Lahadi, da Litinin Mama Rebeka ta bi ayarin da sojoji ke rakawa, da ta kwana a gefen gadonsa.

Shi da Hajiya Najiba suka hau keke napep zuwa Dusuman. Sun same ta a tsakar gida tana tsinke zogale. Da ta ga su biyu, ranar kuma ba Talata ba, sai ta ajiye tiren a hankali ta goge hannu a zaninta. Hajiya ce ta faɗa mata. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi ƙasa, sannan ta ɗago ta dubi Ajimi.

"Ɗana, da injin bai kwanta ba, da na same shi da rai?"

Hajiya ta buɗe baki za ta amsa, ya riga ta.

"Da kin same shi, Mama. Injin ya mutu, wannan ba yin kowa ba ne. Amma kwana uku na ƙarshe laifina ne. Akwai abin da ya kamata in ajiye ban ajiye ba."

Ta kalle shi kamar tana auna maganar. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Me ya ce musu?"

Ya ciro takardar da ya buga daga sabar. Ita ba ta karatu, don haka ya karanta mata layi-layi: suna, shekaru, ranar da aka kawo shi. Sunan mahaifiya, Rebeka. A ƙasa, inda aka bar fili don ƙarin bayani, ma'aikaciyar ta rubuta abin da ya faɗa: a gaya mata na biyo su da yamma kamar yadda na ce, a hanya aka tare ni.

"Sake karanta wurin nan," ta ce.

Ya sake. Sai a lokacin ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Marigayi Bulama ya rasu ya bar sabar huɗu, duka suna raye. Da ƙofofin waya na jikin bango talatin da wani abu a ofisoshi. Da fankar ɗakin Ajimi, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe kuma har yau ba a mayar da ita gida ba. Ya bar mata ɗari huɗu da ba su san da zamansa ba, ba kuma wanda ya san inda suke ta bakinsa. Ya bar iyalai dubu ɗaya da ɗari biyu da suka gana ta hanyarsa. Ya bar magaji, wanda aka kwafe saitinsa wuri uku tun ranar da ya fara aiki, har yanzu kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin raɗa masa suna.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ranar Juma'a da safe, a ɗakin sabar, Malam Ajimi zai buɗe marigayin da hannunsa, ya ciro ƙwaƙwalwarsa ya farfasa ta da guduma, domin ko a mace yana ɗauke da sirrin mutane, kuma ba a san hannun da zai faɗa ba. Hajiya Najiba da Gambo ne shaidu, ba a gayyaci kowa ba. Gangar jikin za a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe in sun biyo layin. Ba a buƙatar addu'a a kansa, ƙarfe ne, ba abin da za a tambaye shi.

Ba za a yi zaman makoki a cibiyar ba, aiki zai ci gaba kamar kullum. Duk mai niyyar ta'aziyya ya kai ta Dusuman, gidan Mama Rebeka, bayan rijiyar burtsatse, ranar Asabar. Fastonsu zai yi addu'a da ƙarfe goma, ba gawa, don tana can inda aka binne ta. Keke biyu za su tashi daga ƙofar cibiyar da ƙarfe tara. Ana roƙon masu zuwa su taho da tabarminsu, nata ruwa ya tafi da su. Ta aiko a gaya wa Malam Ajimi ya zo da takardar, kuma shi take so ya tashi a gaban jama'a ya karanta. Ya ce zai zo.